Kiɗan Buluz: Zumunta A Ƙafa Ta Ke

Ku 'yan makaranta, duk sa'ad da hutu ya gabato, ko aka sa ranar bikin wani ɗan'uwa, tambayar da ku kan yi wa juna ita ce, wane kiɗa za a sa a taka? A da can, a ƙasarmu ta Adabka, da Anka, da Gummi, da Bukkuyum, ba a bukatar wannan tambaya, gama makaɗin gari shi ke da amsarta. In 'yan mata ne a dandali, ga mai kalangu. In gayya ce, ga gangar noma. In kuwa hira ce ta dare, ga mai goge ko mai kukuma da masu kaɗa masa ƙwarya. Yanzu kuwa kiɗan duniya duka ya taru ya shige cikin wayar hannu, zaɓi ya yi yawa har mai zaɓen ya rasa na kamawa. Saboda haka mu ke so mu gabatar muku da wani kiɗa da mu ka daɗe muna saurare, mu faɗa muku asalinsa, da dalilin da ya sa mu ke ganin ya dace da ƙafarmu, da kuma yadda za ku zaɓi na takawa daga cikinsa.

Sunan kiɗan nan buluz. A bakin Turawa kalmar tana nufin launin shuɗi, amma kuma da ita su ke kwatanta ɓacin rai da kewa, kamar yadda mu mu ke jingina baƙin ciki ga baƙi. Baƙaƙen mutanen Amurka ne su ka ƙago shi, a kudancin ƙasar, musamman a fadamar kogin Misisifi, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kakanninsu bayi ne da aka kwasa daga Afirka. Masana sun ƙiyasta mutum wajen miliyan 12 da rabi aka loda cikin jiragen ruwa a zamanin cinikin bayi, waɗanda aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa kuwa sun kusa 400,000. An hana bauta a can a 1865, amma wuya ba ta ƙare ba. Yawancinsu su ka zauna a gandayen Turawa suna noman auduga bisa sharaɗin a raba amfanin gona, mai gandu kuwa shi ke riƙe da littafin bashi da ma'auni, kaka ta zo ta wuce manomi bai fita daga bashi ba. Duk wanda ya taɓa tsinkar auduga, ya kai ta kasuwa, ya ga yadda sikeli ke cin gumin talaka, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To, mutanen da ke cikin wannan hali, in Asabar ta yi da dare, sai su taru a wata 'yar bukka ta katako a bakin gandu, a soya kifi, a kunna fitila, mai jita ya zauna a lungu, a yi ta rawa har asuba ta gabato. A irin waɗannan ɗakuna buluz ya girma. Wannan shi ne abu na farko da mu ke so ku riƙe: tun asalinsa kiɗan takawa ne. Mawaƙin yana faɗin yunwa, da bashi, da rabuwa, da ambaliya, ƙafafun jama'a kuwa suna tafiya tare. Ba su jira wahala ta wuce kāna su taru ba, da taruwar su ka sami ƙarfin ɗaukarta.

Mu kanmu ta hanyar kunne mu ka fara saninsa, tun ba mu karanta labarinsa ba. Muna zaune a rumfar wani mai gyaran rediyo ran kasuwa, sai ya sa wani tsohon kaset don ya gwada akwatin da ya gyara. Mu ka ji namiji guda da jita guda, yana buga ƙafa a ƙasa, yana jan murya sama yana sako ta ƙasa sannu sannu, jitar tana amsa masa kamar ɗan amshi. Akwai wani dattijo a gefenmu wanda ya yi goge a ƙuruciyarsa, bai san ko kalma guda ta Turanci ba. Bai ce kome ba, amma mu ka lura yatsunsa na hagu suna motsi a kan sandarsa kamar mai danna tsirkiya. Da kaset ya ƙare sai ya tambaya, wannan mutumin wane gari ne? Aka ce Amurka. Ya ce, ko da ya ke, uwarsa dai ta yi masa tawai irin namu. Daga baya mu ka sami labarin mawaƙin, sunansa John Lee Hooker, haifaffen Misisifi.

Ashe ba dattijon nan kaɗai ya ji haka ba. Ali Farka Touré, mutumin Niyafunke ta ƙasar Mali, wanda ya rayu daga 1939 zuwa 2006, ya fara kiɗa ne da 'yar molo mai tsirkiya ɗaya da kuma ƙaramin goge irin na mutanensu. Da ya fara jin faifan John Lee Hooker sai ya ɗauka kiɗan ƙasarsu ne. Masu bincike kuma sun bi sawun abin. Wani Bature mutumin Ingila, Paul Oliver, ya fitar da littafi a 1970 inda ya nuna cewa in ana neman dangin buluz a Afirka, a bar bakin teku inda manyan ganguna ke mulki, a hau arewa ƙasashen sarari inda a ke kaɗa tsirkiya. Bayansa Gerhard Kubik, mutumin Ostiriya, ya fitar da nasa a 1999, har ya jera waƙar wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a 1964 kusa da wata waƙar Big Joe Williams ta 1935 wadda aka raka da goge mai tsirkiya ɗaya, ya nuna yadda jan muryarsu da tafiyar kiɗansu su ka yi kama.

Yaya aka yi tsirkiya ta tsira a can, ganga ta yi rauni? Dalili guda shi ne tsoro. A 1739 bayi su ka yi tawaye a wani wuri da a ke kira Stono, a Karolina ta Kudu, suna tafe suna buga ganga. A 1740 sai hukumar ƙasar ta kafa doka ta hana bayi riƙe ganga da ƙaho, don kada su kira juna da su. Mai tsirkiya kuwa ba a ji tsoronsa ba, har ma iyayengiji su kan sa shi ya yi musu kiɗa. Ta haka molon duma ya zama banjo, mai goge ya ɗauki gogen Turawa ya sa masa hannun gida. Har cikin ƙarni na 20 yaran Misisifi su kan kafa waya guda a jikin bangon ɗaki da ƙusa biyu, su cusa kwalba ƙarƙashinta ta ɗaure, su riƙa kaɗawa suna goga wata kwalbar a kai. Ku tuna da kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma ya zaga duniya da shi.

Amma fa kada ku tafi kuna cewa daga Zamfara aka ɗauki buluz cak aka kai Amurka. A can aka haife shi, cikin wuyar da su su ka sha, da harshen da su ke yi, ya kuma ɗebo daga waƙoƙin aiki, da na coci, da kiɗan Turawan da su ke zaune tare. Ɗan'uwa ne da aka haifa a baƙunci. Kama ce ta jini mu ke gani a fuskarsa, gādon kuwa nasu ne.

Ga inda kamar ta ke, don ku san abin da za ku kasa kunne gare shi. Na ɗaya, yawancin waƙoƙinmu a kan murya biyar su ke hawa da sauka, buluz ma haka, sa'an nan mawaƙin ya kan lanƙwasa waɗansu muryoyin, ya tsaya tsakanin biyu, kamar yadda mai goge ke zame yatsa a kan izga. Na biyu, amshi. Mawaƙi ya kan faɗi ɗango guda, ya maimaita shi, kāna ya kawo na uku ya warware maganar, bayan kowane ɗango kuwa jita ko fiyano ta amsa. Baiti guda ya kan cika a gaɓa 12, kowace gaɓa taku huɗu. In kun ƙirga sau biyu ko uku, ƙafarku za ta riƙa sanin inda baiti zai juya tun bai juya ba. Na uku, tafiyar kiɗan. Kowane taku a kan raba shi biyu, na fari dogo, na biyu gajere, sai ka ce tafiyar raƙumi da kaya. Wannan rangajin shi ke sa jiki ya saki.

Akwai wani labari da ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani. W. C. Handy baƙar fata ne mai ilmi, ya iya rubuta kiɗa a takarda, yana da ƙungiyar makaɗa masu kayan sarki. Wajen 1903 yana jiran jirgi a tashar Tutwiler ya ji wani talaka yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita yana waƙa, abin ya ba shi mamaki. Bayan haka aka gayyace shi kiɗan rawa a garin Cleveland na Misisifi. Ana cikin wasa sai jama'a su ka roƙa a bar waɗansu 'yan gari su uku su ɗan taɓa. Su ka fito da tsofaffin kayansu, su ka kama kiɗa guda suna ta maimaitawa, wurin ya ɗauka, aka yi ta zuba musu kuɗi a ƙasa kamar yadda mu ke yi wa makaɗi kari. Handy ya rubuta a littafin tarihinsa na 1941 cewa abin da aka zuba wa mutanen nan uku ya fi ladan da aka biya makaɗansa tara. Daga ranar ya daina raina kiɗan ƙauye. Ya buga "Memphis Blues" a takarda a 1912, da "St. Louis Blues" a 1914, har aka yi masa laƙabi da uban buluz. Kun ga ilminsa bai amfane shi sosai ba sai da ya sunkuya ya koya daga waɗanda ba su shiga aji ba.

Garmaho ne ya fitar da kiɗan daga gandu. A 1920 Mamie Smith ta yi faifan "Crazy Blues", ya yi kasuwa ƙwarai, kamfanoni su ka farga cewa baƙaƙe ma masu sayen faifai ne. Mata su ka fara riƙe fagen, irin su Ma Rainey da Bessie Smith. Daga baya mutane su ka yi ta ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa, wajen miliyan 6 cikin shekara sittin. Muddy Waters, wanda aka fara ɗaukar muryarsa a gandun Stovall a 1941, ya koma Shikago a 1943, ya ga ɗakunan rawa na birni sun cika hayaniya, sai ya ɗauki jita mai lantarki don a ji shi. In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke.

To, yanzu ga yadda za ku zaɓa. Ba kowane buluz ne na takawa ba, sunan mawaƙi kuma ba ya rawa. Gwaji uku mu ke yi wa kowace waƙa. Na fari, gwajin ƙafa: ku sa waƙar, ku tashi ku yi tafiya a tsakar gida, taku ɗaya bisa kowane bugu. In kun kai ƙarshe ba ku yi tuntuɓe ba, ba ku yi haki ba, ta ci. Na biyu, gwajin sarari: mai kyau ita ce wadda ke barin 'yar kafa tsakanin ɗango da ɗango, inda mai rawa zai amsa da kafaɗa ko da juyi. Wadda mai jita ya cika da gwaninta tun daga fari har ƙarshe, a bar ta ga masu zama. Na uku, gwajin magana. Ku ne masu Turanci a gidajenku, alhakin yana wuyanku. Waɗansu waƙoƙin buluz akwai habaici na batsa a ciki, kamar dai yadda a ke samu a waɗansu namu. Ku san abin da a ke faɗi tun ba ku sa shi gaban iyaye da ƙanne ba, in Turancin ya fi ƙarfinku ku tambayi malaminku.

In mu aka ba shirin dare guda, ga yadda za mu jera. Mu buɗe da Jimmy Reed, gama kiɗansa ba gaggawa, ko wanda bai taɓa rawa ba zai sami wurin sa ƙafa. "Bright Lights, Big City" ta 1961 ta isa misali. In jiki ya yi ɗumi, mu kawo John Lee Hooker da "Boogie Chillen" ta 1948, wadda ya yi shi kaɗai da jita da ƙafa a birnin Detroit, kiɗan yana tsaye wuri guda yana juyawa kamar na kukuma. Mu bi ta da "Dust My Broom" ta Elmore James, ta 1951, inda za ku ji ƙarfe yana zamewa a kan tsirkiya har jitar ta yi kuka irin na goge. Sa'an nan a ba mata fili: Big Mama Thornton da "Hound Dog" da ta fito a 1953, da Koko Taylor da "Wang Dang Doodle" ta 1966, wadda ita kanta gayyata ce zuwa wurin rawa. Duk wanda ya saba da amadar Barmani Choge zai gane irin wannan ƙarfin murya, ta mace da ba ta neman izinin kowa kafin ta faɗi gaskiyarta.

In aka gaji, sai a sassauta. Nan ne wurin T-Bone Walker da "Stormy Monday" ta 1947, da B. B. King da "The Thrill Is Gone" ta 1969. Irin waɗannan ba a tsalle a kansu. A saki gwiwa kaɗan, a bar nauyi ya sauka ƙasa, a ja ƙafa maimakon a ɗaga ta, a bar kiɗan ya ɗan shige gaba kāna a bi shi. Rawar sannu ta fi ta sauri wuya, gama ba ta ɓoye wanda ba ya saurare. Akwai kuma waɗanda ba na rawa ba ne ko kaɗan, irin ta Blind Willie Johnson ta 1927, wadda aka sa cikin faifan zinariya da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin sama a 1977. Ita a kan ji ta ne a zaune, baki shiru.

Ƙarshen dare kuwa a juyo gida. A sa Othar Turner na tuddan Misisifi, wanda ya rasu a 2003, mai busa sarewar kara da ya fafe da hannunsa, ganguna suna binsa, har ka rantse a bikin kamun kifi ka ke. A sa Ali Farka Touré da faifansa "Talking Timbuktu" na 1994, da ya yi tare da Ry Cooder, ko Bombino mutumin Agadas. Daga nan zuwa kukumar Hassan Wayam ko kiɗan Garba Supa taku ɗaya ne. In kuwa akwai mai goge ko mai kalangu a garinku, ku kashe akwatin ku kira shi, ku biya shi ladansa cikakke. Abin kunya ne a yaba wa jikan da ke Shikago, a bar kakan da ke bayan gida da yunwa. Ƙasar da ta fitar da Ibrahim Narambaɗa, da Musa Ɗankwairo, da Sa'idu Faru ba baƙuwa ba ce a fagen waƙa.

Saura maganar ladabi. A Amurka yawanci namiji da mace ke riƙe juna su taka buluz, mu kuwa wannan ba al'adarmu ba ce, kuma tun 2000 a ke aiki da shari'a a Zamfara. Kiɗan bai tilasta wa kowa riƙe kowa ba. Tun asali a kan taka shi ɗaiɗai, a kan kuma yi da'ira ɗaya ya shiga tsakiya ya nuna tasa ya fita. 'Yan mata su yi nasu kamar yadda su ke gaɗa, samari su yi nasu, da sanin iyaye da na malamai, a tashi da wuri. Ku sani kuma ko a Misisifi masu ibada sun soki buluz, kamar yadda malamanmu su ka daɗe suna sukar goge, yawanci saboda giya da faɗa da ke biyo taron. B. B. King ya ba da labarin wani dare a 1949, a garin Twist na Arkansas, da maza biyu su ka kama faɗa a ɗakin rawa su ka ture garwar kananzir da a ke jin ɗumi da ita, ɗakin ya kama wuta, mutum biyu su ka hallaka. Shi kansa da ƙyar ya fito, don ya koma ciki ɗauko jitarsa. Da ya ji a kan wata mace mai suna Lucille aka yi faɗan, sai ya sa wa jitar sunanta don kada ya manta. Rigakafi ya fi magani.

Wani zai ce, ina mu ina rawa a wannan zamani? Tambaya ce mai nauyi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tun wajen 2011 'yan bindiga su ka addabi Zamfara, dandali da yawa ya yi shiru, makaɗa su ka watse. A daminar 2024 ruwa ya ci gidaje a Gummi. Ba mu ce kowa ya fita da dare inda ba lafiya ba, ba mu kuma ce a yi kiɗa kusa da gidan makoki ba. Abin da mu ke cewa shi ne, mutanen da su ka yi buluz sun san irin waɗannan kwanaki. Kogin Misisifi ya yi ambaliya a 1927 ya raba dubban ɗaruruwa da gidajensu, a 1929 Charley Patton ya mai da labarin waƙa, waɗanda ruwan ya kora su ne su ka saurara su ka taka. Jama'ar da ta daina taruwa sai don jana'iza, sannu sannu ta kan manta fuskokin juna.

Saboda haka in hutu ya zo, kuka sami yini na lafiya da tsakar gida mai faɗi, ku share ta, ku yayyafa ruwa, ku gwada jerin nan da mu ka ba ku, ku ƙara da abin da kunnenku ya tsinto. Ku gayyaci tsoho guda ya zauna ya ji, ku tambaye shi da wane kiɗa na da ya yi kama, ku rubuta abin da ya faɗa tun yana da rai. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. 'Yan'uwan nan namu teku ya hana mu kai musu ziyara, amma takunsu ya iso mana, ya rage namu mu amsa. Allah ya maido mana da zaman lafiya, dandali ya sāke cika.